Almakashin Bahago

Kawuna tela ne, kuma bahago. A layinsu ba wanda yake tuna sunansa na yanka, Bahago kawai ake ce masa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, inda in ya miƙe tsaye sai ya sunkuyar da kai. Keke ɗaya, tebur ɗaya, sai almakashi.

Almakashin nan na hagu ne. Tun yana koyon aiki maigidansa ya sa aka ƙera masa, don na dama yana tauna masa yadi. Hannun ƙarfen har ya siɗe daidai inda babban yatsansa yake zama. Kawu mutum ne mai haƙuri, za ka iya shan shayinsa ka zauna masa a kan hula bai tanka ba, amma kada ka taɓa almakashin. Ina 'yar shekara tara na yanke takarda da shi, har yau kunnena bai manta ba.

Bara aka sayar da benen, sabon mai shi ya ce kowa ya tashi. Matar Kawu kuwa ta rasu shekara biyu kafin nan. Sai ɗansa tilo, wanda yake aiki a wata ƙasa, ya ce ya taho wurinsa kawai. Ya aiko tikitin jirgi irin mai arahar nan, ba akwati, sai jakar hannu mai kilo bakwai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum mai shekara sittin da takwas, a ce ya tattara rayuwarsa a kilo bakwai!

Ni na taya shi haɗa kaya. Ɗan nasa ya yi mana bayani a waya: ban da turare, ban da man shafawa, ban da duk abin da yake zuba. Muka bi daki-daki. Kawu ya nannaɗe rigunansa tamau yadda tela kaɗai ya iya, ya cusa safa a cikin takalmi. Sau uku muna kai jakar wurin mai sayar da gas ya ɗora mana a sikelinsa. Kilo takwas da rabi. Kilo takwas. Bakwai da rabi.

"Kawu, almakashin nan fa shi kaɗai ya kusa rabin kilo," in ji ni.

Ko kallona bai yi ba. Ya ciro rigar sanyinsa da takalmin fita, ya ajiye a kan gado.

"Can akwai sanyi, Kawu."

"'Yata, keke ko'ina akwai, a ba ni aro in taka. Wannan ne ba a aro. Ba zan je gidan yaro in zauna ana ci da ni kamar kaza ba. Ko ƙafar wando ce in rage wa maƙwabta, in san da gumina nake shan ruwa."

Ya naɗe almakashin a ƙyalle, ya sa a ƙasan jaka tare da tef ɗin awo da alli. Kilo bakwai cif. Har dariya ya yi, ya ce wa mai gas ya fi likita iya awo.

Ni da shi ba wanda ya taɓa hawa jirgin sama. Rashin sani ya fi dare duhu. Shi kuma ɗan nasa bai taɓa kawowa a ransa tsoho zai bar rigar sanyi ya ɗauki ƙarfe ba.

A filin jirgi na tsaya bayan gilashi ina kallonsa a layin bincike. Jakar ta shiga na'ura, sai wata ma'aikaciya ta janye ta gefe, ta buɗe, ta warware ƙyallen. Ba na jin abin da suke faɗa. Na dai ga Kawu ya ɗaga hannun hagu yana yanka iska da yatsu biyu, yana nuna mata rigar jikinsa, wai shi ya ɗinka. Matar ba ta yi masa tsawa ba. Kai kawai take girgizawa, ta nuna masa kwandon da ake jefa kayan da aka hana shiga da su, ta kuma nuna ƙofa.

Ya zaɓi ƙofa. Ya fito wurina hularsa a karkace, ya danƙa min almakashin da hannu biyu.

"Riƙe min. Kada ki yanke takarda da shi."

Ya koma layi da jakar da ta yi masa sakayau. Na yi kuka a motar haya har gida, ban ji kunyar kowa ba.

Wata biyar ina cigiyar wanda zai je ƙasar da akwati. Kullum in shafa wa almakashin man keke don kada ya yi tsatsa. Da na samu wata maƙwabciyata za ta je, nan take na buga waya. Ɗan nasa ya ɗauka, ya ce Kawu yana nan bakin taga inda yake wuni, ya miƙa masa wayar.

"Kawu, albishirinka! Na samu mai kawo maka almakashinka."



"'Yata, bar shi. Nan riga in ta yage zubarwa suke. Na tambayi duk mutanen benen nan, ba mai son a rage masa ko ƙafar wando." Ya yi tari. "In kin ga bahagon da yake koyon ɗinki, ki ba shi. Ki ce ya riƙa sa masa mai."