Kwale-kwalen da Kaka Ta Hana Bushewa

Gidanmu na garin Woodbridge, can ƙasar waje, yana da murhun bulo a falo, wanda Baba bai taɓa kunnawa ba sai da Kaka Laraba ta zo. Mahaifiyar Mama ce. An ɗauko ta daga garinsu na bakin kogin Binuwai don ta yi renon ƙanena Iliya, tunda Mama aikin jinya take yi, Baba kuma rabin ranarsa a kan babbar hanyar I-95 take ƙarewa. Daga isowarta ta dubi injin ɗumama ɗaki ta ce ita ba ta yarda da zafin da ba a ganin wutarsa ba. Washegari Baba ya sayo itace.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, ina 'yar shekara goma, bakina kuwa ya fi ni girma. Hausa ina ji sarai, amma da Turanci nake mayarwa, abin da ke ƙona wa Kaka rai ke nan. Duk yamma in mun gama cin tuwo, sai ta shimfiɗa zane gaban murhu, ta ɗora Iliya a cinya ta ce, "Saratu, matso, tatsuniya ta iso, ba ta jiran mai baki." Sai in matso ina tura baki, alhali tun a makaranta nake ɗokin lokacin.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani garin masunta. Mutanen garin, in rani ya yi, sukan cika kwale-kwalensu da duwatsu su nutsar a bakin kogi har ruwa ya dawo. Sai aka naɗa sabon sarkin ruwa, matashi mai son a gani. Ya ce abin kunya ne baƙi su zo garin masunta ba su ga jirgi ko ɗaya ba. Ya sa aka fito da su duka, aka jera a kan turaku, aka shafa musu launi. Kowa ya bi umarni, sai wata tsohuwa da ta rantse nata ya ɓata. Rana ta yi ta dukan jiragen wata uku. Da ambaliya ta zo cikin gaggawa aka tura su ruwa, sai ga su duk sun tsage, suna shan ruwa kamar kwando. Tsohuwa ta ɗaure zanenta, ta shiga ta kwashe duwatsu, jirginta ya taso lafiya lau. Da shi aka tsallakar da gari kaf zuwa tudu. Sarkin ruwa ne na ƙarshe, rungume da akuyar tsohuwa.

Nan ne Kaka kan yi dariya har ta share hawaye. Ni kuma in ce da Turanci ai ƙarya ce, wa zai nutsar da jirgi da gangan?

"Babana masassaƙi ne, 'yar nan," in ji ta. "Da gizagonsa aka ciyar da uwarki. Jirgin da ya daɗe a ruwa, in kika shanya shi kin kashe shi."

Akwai wani ɗan gari kudu da mu, a inda wani ƙaramin kogi yake shiga babban ruwan da ke gangarawa teku. Can muke zuwa sayen kifi da ƙaguwa ranar Asabar. Titi biyu ne da coci da tsohuwar ma'ajiyar taba. A da, in ji mutanensa, manyan jirage har bakin gari suke zuwa, kafin laka ta cike tashar. Kaka ta kasa kiran sunan garin, ta sa masa Tunga, har yau a gidanmu Tunga ake ce masa. A wurin wani dattijo baƙar fata muke sayen kifi, Mista Toliba, wanda ya ce kakansa ne ke yin fito a kogin kafin a gina gada. Shi ba Hausa, ita ba Turanci, amma sukan yi rabin awa suna gardamar kifi da hannu.

Da sanyi ya wuce, aka yi wani ruwa mai ƙarfi da ya zaftare gaɓar kogi. Wata Asabar muka je, Baba ya ajiye mu ya tafi shan mai, muka tarar da jama'a a gaban ma'ajiyar taba. Ruwan ya tono wani tsohon kwale-kwale daga laka, na gungume guda, baƙi wuluk. Mutanen gari sun wanke shi, sun ɗora a kan katako a tsakiyar rana, sun kewaye da igiya da 'yan tutoci, don bikin tunawa da tarihin gari da za a yi bayan sati biyu. Murna suke ta yi, ana ɗaukar hoto.

Kaka ta tsaya cak. Ta miƙa mini Iliya, ta tsallake igiyar, ta shafa gefen jirgin. Har na hango 'yar tsaga kamar zare a wajen hancinsa. Ta ɗauki bokitin mai kifi, ta gangara kogi, ta dawo ta sheƙa wa jirgin ruwa.

Wata farar mata mai gilashi, wadda ke jagorantar bikin, ta taho da sauri tana ɗaga hannu. Ni kuwa na so ƙasa ta buɗe in shige, don akwai 'yan ajinmu biyu a wurin.

"Saratu!" in ji Kaka. "Faɗa mata su rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, yanzun nan. In ya kai ranar Laraba a haka, itacen wuta za su nuna wa baƙi."

Na ja da baya. Ta juyo ta dube ni, ba da faɗa ba. "Don Allah, 'yar nan. Ni ba ni da bakinsu. Wani ya sha wahala ya sassaƙa wannan."

Ban taɓa jin Kaka ta roƙi kowa ba. Na buɗe baki, na juya maganarta. Matar ta ce ai bushewa suke so ya yi don a shafa masa mai. Na mayar wa Kaka, kuma sai da maganar ta fita na gane da Hausa na faɗa. Kaka ta ɗan ɗaga gira, amma ba ta da lokacina. Ta kama hannun matar ta ɗora yatsanta a kan tsagar.

Sai Mista Toliba ya matso, ya cire hularsa. Ya ce ya tuna, yana yaro, kakansa kan nutsar da jirginsa a bakin rafi in ba ya aiki da shi, su kuma suna yi masa dariya. Ya ce shekara sittin bai tuna da wannan ba sai yau. Ya juya ya ce da jama'a, "Ku ji maganar matar nan. Ta san jirgi."

Kafin Baba ya dawo, garin ya koma wurin aiki. An kwaso buhunan masunta, an jawo tiyo daga coci, 'yan ajinmu na ɗibar ruwa. Kaka na tsaye a tsakiya, zane ɗaure a ƙugu, tana ba da umarni, ni kuma ina gefenta ina juyawa da ƙarfi, har da ƙarin gishirina. Baba ya fito daga mota ya riƙe baki.

Bayan kwana huɗu masana suka zo daga wata jami'a. Suka ce da an bar shi a rana da ya farfashe, suka ɗauke shi cikin tankin ruwa. Ranar biki ba jirgi a dandali, sai hotonsa, amma Kaka aka zaunar a kujerar gaba kusa da Mista Toliba. Da aka tafa mata, ta sunkuyo ta ce mini, "Yanzu wa ke ƙarya?"

Shekaru aka yi ana jinyar jirgin kafin a dawo da shi. Kaka ba ta gan shi ba, ta koma gida ta rasu. Yana nan a ma'ajiyar taba, an mayar da ita gidan tarihi. Na daɗe ina ɗauka labarin jirgi kawai ta ba ni. Sai da na haihu na ga yadda nake so in fito da Hausa ranar biki kawai, tare da atamfa, don baƙi su yaba, sannan na gane ni ma sarkin ruwa nake shirin zama. Tun daga nan kullum da ita nake yi wa 'ya'yana magana, suna tura baki yadda na yi.

Bara na kai su Tunga. A jikin takardar bayani, bayan tarihin masu fito, akwai layi ɗaya da Mista Toliba ya dage sai an sa: wata baƙuwa daga kogin Binuwai ce ta hana jirgin nan bushewa. 'Yata ta karanta, ta leƙa tsagar da ke hancinsa, wadda ba ta ƙaru ko kaɗan ba. Sai ta juyo ta tambaye ni, da Hausa, "Mama, bokiti nawa Kaka ta zuba?"