Kofin da Na Kaɓe Daga Hannun Baba

Ko zan manta ranar da aka miƙa mini takardar kammala karatu, ba zan manta wata alhamis ba. Shekaru sun ja, amma har yau in ladan ya ɗaga murya da magariba sai gabana ya ɗan faɗi, kafin in tuna abin ya wuce.

Lokacin ina karatun ilimin tsirrai a Yamai, aka turo ni gida Gaya in yi binciken kammalawa. Aikina shi ne in gano itatuwan da ke ƙarewa a dajin kiwo da waɗanda ke yaɗuwa. Ban daɗe ba na lura cewa icen da dabba ke so shi ke ɓacewa, wanda take gudu kuma yana cin wuri. Cikin masu cin wurin har da samberu. Wani dattijon Bafillace da ke raka ni daji wajen Bengu ya nuna mini shi da sanda, ko taɓawa bai yi ba. "Wannan in saniya ta ci, ba ta kwana," in ji shi. Na rubuta a kaye, littafin rubutuna, ina jin kaina wata babbar masaniya.

Tsarin aikin shi ne in tsinko ganye, in shanya ya bushe, in auna nauyinsa. Tunda babu labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a kusa, tsakar gidanmu ce ta zama labo. Na baza tabarma, na kasa ganyayen kashi-kashi, kowane da takardarsa. A kan ta samberu na rubuta da Faransanci cewa guba ce, da jan biro, har na ja layi biyu. Ni ga mai wayo! Ban tsaya na tuna Inna ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, kuma a gidanmu duk abin da aka baza a tabarma shanya ce, kamar kuɓewa da yakuwa, mai girki ta ɗiba ba sai ta tambaya ba. Kwana biyu kafin nan ma na kawo geza, Inna ta dafa mana shayinta, har tana sa mini albarka wai karatuna ya fara amfani.

Ranar na dawo daga daji da la'asar sakaliya, a gajiye liƙis. Ina shiga na ga iska ta watsa takardun, kashin da ke bakin tabarma kuma ya ragu da rabi. Na durƙusa na murza ganye ɗaya. Samberu.

"Inna, wa ya taɓa ganyen nan?"

"Ni ce," ta ce daga madafa, ko juyowa ba ta yi ba. "Gezar taki ce na dafa wa Babanki. Ya shigo ya yi wanka, na cika masa termos ya koma. Kin san yau yana azumi, da shi zai sha ruwa."

Baba direban kamyo ne, babbar motar kaya, kwanansa uku ke nan a layin duwan, wato kwastan, kusa da gadar kan iyaka, kuma ba ya sakin azumin litinin da alhamis. Na san halinsa: ba ya shan ruwa shi kaɗai, sai ya tara abokansa ya zuba wa kowa. Na kira salularsa, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na ɗaga kai na ga rana ta yi ja ta sauka kan katanga.

Na dai ji bakina ya ce, "Inna, guba ce," sai na ji faɗuwar ludayi a bayana. Ban waiwaya ba. Na fita da gudu, takalmi ƙafa ɗaya, na tare wani mai kabu-kabu, babur ɗin haya, na ce bakin gada, don Allah kada ya tsaya ko'ina. Ya dubi fuskata, ya murza babur.

Wanda bai taɓa ganin layin nan ba, ba zai gane tashin hankalina ba. Kamyo bayan kamyo, duk an lulluɓe su da tamfol, duk kamarsu ɗaya. Muna tafe ina ƙwala kira, "Baba! Baba!" kamar mahaukaciya, direbobi suna leƙowa daga ƙarƙashin motoci. Ina gani ana ta shimfiɗa tabarmi, ana jera butoci. Can sai na ji lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan yana gyara murya. Ban taɓa jin tsoron kiran salla ba sai ranar, Allah Ya yafe mini.

Jan termos ɗin Inna na fara hangowa kafin in ga Baba. Su biyar a tabarma, dabino a faranti, kofi a gaban kowa. Na dira tun babur bai tsaya ba. Baba ya tauna dabino, ya ɗaga kofi, ni kuma na kaɓe shi daga hannunsa, na bi sauran da ƙafa ina watsarwa. Ni da ban taɓa ɗaga ido na kalli Baba ba, yau na jiƙa masa riga a gaban abokansa.

"Ke! Lafiyarki?" ya daka mini tsawa.

Na juye termos ɗin a ƙasa, ganyen ya zubo, na nuna. "Samberu ne, Baba."

Sai wani tsoho a gefe ya ce a hankali, "Ƴata, ni fa na kurɓa. Na ji ɗacin ya yi yawa."

A wannan kabu-kabun aka kai shi asibiti, ni a wani ina riƙe da ganyen a hannu. Ya yi amai, jiri ya kwashe shi, aka sa masa ruwa. Duk likitan da ya fito sai in miƙe, ina jiran a ce mini na kashe uban wasu. Allah Ya taimaka kurɓa ɗaya ce. Washegari aka sallame shi, kuma har ya koma ga Allah bayan shekaru bai daina tsokanata da "mai shayi" ba.

Da na koma gida na tarar da Inna zaune a bakin tabarmar, idanunta sun kumbura. "Da hannuna na dafa masa," take ta faɗi. Ni kuma, don neman wanke kai, na ɗauko takardar na nuna mata. "Inna, ai na rubuta. Ga shi, har da ja."

Ta dubi takardar, ta dube ni. "Kin rubuta wa wa?"

Na naɗe takardar na ajiye. Yanzu ni ke tura ɗalibai daji, kuma ba na sa hannu a takardar kowa sai ya gaya mini inda zai yi shanya, da wanda ke girki a gidan, da abin da ya faɗa mata baki da baki. Na koyi cewa duk abin da na sani, in ban faɗa wa na kusa da ni da harshen da yake ji ba, to ban faɗa ba. Kalma ɗaya ce da Hausa, ban ce da Inna ba sai da rana ta kusa faɗuwa.