Muryoyin da Na Ɗauka a Kwalla Zuwa Kasuwa

Shekarar da aka hana fita saboda annoba, 'yata Binta ta tara mu, mu biyar da muka fara tuyar waina a Rafin Guza, ta ɗauki hirarmu a kwamfutarta. Shekarar canjin kuɗi Allah ya karɓi Binta. Bana kwamfutar ta ƙi tashi, da muryoyinmu a ciki, kuma babu su a ko'ina sai nan. Ni ban yi boko ba, surukata ke rubuta wannan, amma ba a ƙara mini ko kalma.

Rafin Guza

Ƙarfe shida saura kwata, bayan asuba, na naɗe kwamfutar a zane, na sa a kwalla, na rufe da faifai. Mai keke ya ce ɗari uku zuwa Kawo. Na ce masa tun ana biyan sule nake bin hanyar nan. Ya karɓi ɗari biyu yana dariya.

Daf da Kawo wani ɗan sanda ya leƙo. "Iya, me ke cikin kwalla?"

"Matan da suka girmi uwarka."

Ya ɗaga faifai, ya mayar, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Abakpa

Bakwai da rabi bas ta sauke ni. Na zauna a benci har tara kafin Sani mai gyara, jikan ƙanin mijina, ya buɗe shago. Ya danna nan, ya danna can, ya ce, "Kaka, sai an goge komai an zuba sabo. Awa ɗaya na gama."

"Muryoyin fa?"

"Su ma za su tafi."

"To kai ne za ka tafi, ba su ba. Miƙo mini kayana."

Da ya ga da gaske nake, ya kwatanta mini wata Rukayya a saman bene a Babbar Kasuwa. Na ci ƙosai na ɗari a tsaye, na hau wata bas.

Babbar Kasuwa

Sha ɗaya saura na isa. Matakala ashirin da biyu, sau biyu na huta. Rukayya ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ciro wani abu kamar ɗan yatsa daga cikin makullanta. Filas sunansa.

"Hajiya, abin da ke tada kwamfutar ne ya lalace, ma'ajiyarta ƙila lafiya lau. A cikin filas ɗin nan akwai wani mai tadawar, cikakke. Da shi za ta tashi, ba zai taɓa na ciki ba."

Na ce, "Wato murhu ya ƙi kamawa, za ki ɗebo wuta a maƙwabta."

"Wallahi kin fi ɗalibaina ganewa."

"Dama."

Ta soka shi a gefe, ta kunna, tana ta bugun maɓalli ɗaya. Karon farko baƙi ƙirin. Na ce ta sake, ban hau bene don in ga duhu ba. Karo na biyu fuskar kwamfutar ta haska, wata iri, ba wadda na saba gani gaban Binta ba. Ta yi ta bincike. Can sai dariyar Yaya Hansatu, ɗaya daga cikin mu biyar ɗin, ta cika shagon, tana cewa wainata ba ta taɓa kai tata ba. Ƙarya take, Allah ya jiƙanta. Bayanta sai Binta: "Inna, matso kusa, ba a jin ki."

Na matso.

Ban tashi ba sai da na ji mu biyar ɗaya bayan ɗaya. Rukayya ta kwafe a sabon filas, ta zuba a wayata. Tana zare nata, kwamfutar ta koma barcinta.

Gida

La'asar ta same ni a ƙofar gida. Na gode wa Allah, na gode wa Rukayya, har Sani da ya san iyakarsa. Hansatu, Ladi da Ta-Annabi sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni da Gambo, wadda idonta ya tafi amma kunnenta garau. Ban ko cire mayafi ba na wuce gidanta.