Shaidar da Iya Tunrayo Ta Wanke

A Apata, can gangaren Ibadan, ba wanda yake kiran Abeke Oyelakin da sunanta. Iya Tunrayo ce, mai amala da miyar ewedu, wato ayoyo, a bakin titi. Abincinta da daɗi, amma tsabta ce ta yi mata suna. Matar nan tana wanke kwanon da aka riga aka wanke. In miya ta ɗiga a teburinta, kafin ka buɗe baki ta goge, har da gwiwar hannunka. Masu acaɓa sukan tsokane ta, wai ranar da ta mutu ita za ta tashi ta yi wa kanta wanka, don ba ta yarda da hannun kowa ba. Takan bi su da ludayi, amma a ranta daɗi take ji.

Gidanta mijinta ne ya gina shi ɗaki-ɗaki da albashin ma'aikacin jirgin ƙasa, kuma a tsakar gidan aka binne shi. Shekara da shekaru ruwan sama yana gangarowa ta wani kwari a bayan gidan, ya wuce abinsa. Sai wani attajiri, Cif Alarape, ya sayi filin, ya cike kwarin da jar ƙasar da aka kwaso masa a tifa, ya gina ɗakin taron biki, ya zagaye da katanga. Damina na faɗuwa ruwa ya rasa hanya, ya faɗo gidan Iya Tunrayo da rana tsaka, har ƙugu.

'Yarta Tunrayo, ma'aikaciyar jinya, ta samo lauya tun taɓo bai bushe ba. Buƙatarsu ɗaya ce, kotu ta sa a fasa katangar a buɗe wa ruwa tsohuwar hanyarsa, kafin ya cinye gidan da kabarin. Lauya ya aiko cewa wani injiniya masanin ruwa zai zo duba gidan, babban mutum ne, alƙalai suna sauraron maganarsa. Iyakar saƙon ke nan, kuma har gobe mutanen unguwa ba su yafe wa lauyan nan ba.

Babban baƙo, a gida mai warin kwata? Iya Tunrayo ta ɗaure zani a ƙirji ta tara matan ƙungiyarsu. Aka kankare bango, aka shafa shuɗin fenti. Aka tsince ciyawa da ledojin da suka maƙale a shingen waya. Jar ƙasar da ta rufe kabarin mijinta, ita da kanta ta kwashe ta da tasa, tana kuka, aka je aka cike ramukan titi da ita. Wani maƙwabci ya so ɗaukar hoto kafin a fara, ta kore shi, ta ce ba za a yi yawo da tsiraicin gidanta a waya ba.

Injiniya Fagbenro ya iso da takalmin roba, da sandar awo, da ƙananan kwalabe a jaka. Ya ja ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, nan ne gidan da ruwa ya ci?"

"Nan ne, ɗana. Shigo, amma ka tuɓe min wannan takalmin."

Ya tuɓe. Ya bi bango yana shafawa, fenti na kama masa yatsa. A hankali ya yi mata bayani, kamar mai ba da labarin rasuwa. Ruwa in ya janye yakan bar zanen dusa da tsaba a bango, da shi ake sanin inda ya kai. Ciyawar da ta maƙale a shinge takan kwanta ta nuna ta inda ya shigo. Ƙasar unguwar kuma baƙa ce, saboda haka cikin kwalba ɗaya na jar ƙasa daga ɗakinta, da an gwada ta da cikon Cif Alarape, da ba wanda ya isa ya musa. Ya leƙa ƙarƙashin gado, ya sa aka janye kabad. Ko'ina ƙal.

"Har bayan kabad, Mama?"

"Wace irin mace ce za ta bar bayan kabad?" Tana faɗa, amma ta riga ta gane.

Ya ci amalar da ta tuƙa masa, saboda kada ya ƙara mata ciwo. A kotu ya kawo awon gangaren, ya ce a ganinsa katangar ce ta juya ruwan. Masanin da Cif Alarape ya ɗauko ya ce sharar unguwa ce ta toshe kwata, ya nemi a nuna masa ko da alama guda a cikin gidan. Babu. Alƙali ya kori ƙarar.

Daga nan Iya Tunrayo ta daina bin masu acaɓa da ludayi, su ma suka daina tsokanar. Da ruwa ya dawo a damina ta gaba, ta hana kowa taɓa tsintsiya. Injiniya Fagbenro ya zo don kansa, ya cika kwalabensa, ya auna zanen. Amma bangon baya ya riga ya tsage, sabuwar ƙara kuma lauya ya ce sai an yi shekaru. Hukuma ta ce gidan ba ya zaunuwa, Tunrayo ta kwashe uwarta ta kai ta wurinta.

Makullin gidan yana ɗaure a bakin zaninta. Duk ranar Asabar takan je ta share kabarin, shi kaɗai. Falon yana nan da busasshen jan taɓo da zanen ruwa a kan shuɗin fenti, tana ajiye da shi har ranar da kotu za ta nema. In wani ya raka ta, takan buɗe masa ya gani, ita kuma ta tsaya daga waje, hannayenta a naɗe a baya don kada su kai ga tsintsiya.

"Ka yi haƙuri da ƙazantar," takan ce. "Da ba haka gidana yake ba."