Wa Ke Kula da Wa a Gidan Baba Direba

Agogo bai yi magana ba sai da ya shekara biyar, kuma mahaifiyarsa ta sha faɗa cewa ranar da ya buɗe baki ba "Umma" ya fara cewa ba, tambaya ya yi ƙarfe nawa. Ko gaskiya ne ko ƙari ne irin na iyaye, sunan dai ya bi shi. Yanzu shekarunsa arba'in da ɗaya. Bai iya karatu ba, ba ya tsallaka babban titi shi kaɗai, in aka kunna injin markaɗe kusa da shi sai ya toshe kunnuwa ya shige bayan ƙofa. Amma ko daga barci ka tashe shi ka tambaye shi lokaci zai gaya maka har da minti, sannan ya duba agogon hannunsa don ya ga ko agogon ya yi daidai.

Yana aiki a gidan burodin da ke ƙarshen layinsu, daga bakwai na safe zuwa sha biyu, yana sa burodi a leda yana ɗaurewa. Mai gidan burodin ya ce a shekara shida sau ɗaya aka taɓa cewa ya makara, da aka bincika agogon bangon shagon ne ya yi gudu.

Har ya kai talatin da biyar yana gaban Umma. Da ciwo ya kama ta, ta ga ba tashi za ta yi ba, sai ta je wajen wata ƙungiya da ke haɗa manya irin Agogo da mutanen da ke da ɗaki da haƙuri, su zauna gida ɗaya. Aka samo Baba Direba, tsohon direban bas wanda ya ajiye aiki, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa, ɗakuna biyu a gidansa ba kowa sai ƙura. Matsalar ɗaya ce: Agogo ya ƙi.

"Ba inda za ni," in ji shi. "Ni ba yaro ba ne da za a kai ni raino."

"Wa ya ce maka raino?" in ji Umma daga kan gado. "Aiki za ka. Akwai wani tsoho can, ko shayi bai iya dafawa ba, abin tausayi. Mai kula ake nema masa."

Agogo ya juya maganar a ransa. Can ya ce, "Ƙarfe nawa ake farawa?"

A takardun ƙungiya, Baba Direba ne mai kula. Umma ta kira shi gefe ta gaya masa abin da ta ƙulla, ta roƙe shi ya rufa mata asiri. Baba ya ce ai wanda ya yi shekara talatin yana jan fasinja wannan ba komai ba ne. Daga ranar ya fara ɓoye tabaransa a ƙarƙashin filo yana kururuwa, "Agogo! Idona ya ɓata!" Agogo ya zo ya ɗaga filon, ya girgiza kai, ya ce, "Baba, ban san yadda kake rayuwa ba kafin na zo."

Umma ta rasu bayan wata huɗu. Ƙungiya ta kawo mutum na uku gidan, wani mai shekara talatin da suke kira Injiniya, wanda ba ya magana sai ta kama dole kuma ba ya ganin abu mai noti ya bar shi a ɗaure. Shekaru suka tafi. Baba ya daina ɓoye tabaran, don yanzu da kansa yake ɓata, wani lokaci ma yana kan goshinsa. Likita ya ɗora shi kan maganin hawan jini, ƙwaya ɗaya da safe ɗaya da yamma, kuma tun daga ranar Agogo ne ke tsaye a kansa da kofin ruwa.

"Buɗe bakin in gani."

"Kai, na haɗiye mana!"

"Ɗaga harshe."

A haka Yaya ta same su. Ita ce yayar Agogo, ta daɗe a wani gari mai nisa inda mijinta ke aiki, suka dawo suka gina gida mai hawa biyu. Ta yi sallama ta shigo da ledoji niƙi-niƙi, sai ta tarar da ƙanenta a durƙushe a tsakar gida, ƙafar tsoho a kan cinyarsa, yana yanke masa farce.

"Auta! Me nake gani haka?"

"Yaya, sannu da zuwa. Jira ni, saura yatsa uku."

Ba ta jira ba. Daga nan ofishin ƙungiya ta wuce, ta ce an mai da ƙanenta ɗan aiki, ita za ta ɗauke shi. Ofis suka ce za su turo wata Malama, ma'aikaciyarsu, ranar Laraba ta ga gidan. In ta rubuta cewa gidan bai dace ba, Agogo zai tattara kayansa ya koma gidan Yaya, ya bar ɗakinsa da aikinsa.

Baba ya kwana biyu abinci ba ya wuce masa. Ranar Talata da la'asar ya tara mutanen gidan a falo.

"Gobe ba wanda zai ba ni magani a gaban baƙi. Ba wanda zai nemo min tabarau. Kai Injiniya, hannunka a aljihu. Kai kuma Agogo, ka zauna ka yi shiru kamar fasinjan da ya samu kujerar gaba. In aka tambaya, ni ke yin komai a gidan nan. Kun ji?"

Agogo ya dubi Injiniya, Injiniya ya dubi fanka.

"To, Baba," in ji Agogo, da muryar da ake lallashin mara lafiya.

Malama ta iso ƙarfe goma da minti bakwai, Agogo ya sanar da ita hakan tun a bakin ƙofa. Mace ce mai ƙiba da fara'a, sabuwa a ofishin, da fayil a hammata. Yaya ta riga ta zuwa, tana zaune a gefen kujera da jaka a cinya kamar wadda ke jiran a kira sunanta a asibiti. Malama ta zauna, ta ajiye bironta a kan tebur, ta buɗe fayil.

"To, bari mu fara. Ina mai kula?"

Mutum biyu suka miƙe.

"Ni ne," in ji Baba, yana harara. "Zauna, Agogo."

Agogo bai zauna ba. Ya matso kusa da Malama, ya kare baki da hannu, ya yi raɗa irin tasa wadda ake ji har maƙwabta: "Ki ƙyale shi, Malama. Haka yake ji a ransa. Mu ba ma musa masa."

"Wa ya ce kar a musa masa?"

"Umma. Ta ce tsofaffi akwai girman kai. In ya ce shi ke kula da ni, in ce to."

Baba ya koma kujera daɓas. "Ita ta gaya maka haka?"

"Tun ran farko."

"Shekara shida!" in ji Baba. Ya cire hula ya sosa kai. "Matar nan, Allah ya ji ƙanta, da mota take ja da ba wanda zai taɓa wuce ta a hanya."

Malama ta danne dariya ta miƙa hannu ta ɗauki biro, sai ta ji babu. Injiniya ya miƙo mata shi a tafin hannu, ya riga ya kwance shi gida biyar, kowane yanki a jere. Ta ciro wani daga jaka ta riƙe shi gam.

"Baba, wane magani kake sha?"

"Wani fari ne. Ƙarami. Ko kuwa ruwan hoda ne?"

"Fari da safe ƙarfe shida da rabi, ruwan hoda ƙarfe shida na yamma," in ji Agogo. "Ran Lahadi ya tofar da na yamma a cikin tukunyar furanni. Na gani."

"Kin ji ko?" in ji Yaya. "Tsohon da bai san maganinsa ba shi zai riƙe min ƙane?"

Malama ta juya shafi. "To Baba, gaya min game da Agogo. In ransa ya ɓaci, me kuke yi?"

Nan Baba ya gyara zama, kamar an ba shi sitiyari. Ya ce ba a taɓa shi, ba a yi masa tambaya, a bar shi ya shiga ɗaki minti goma, in ya fito a miƙa masa aiki. Ya ce duk rigar da aka saya sai an yanke 'yar takardar wuya, in ba haka ba yini zai yi yana susa. Ba ya cin abinci in miya ta taɓa shinkafa kafin shi ya haɗa su. Markaɗe sai ya tafi aiki ake yi. Ranar asibiti kuwa Baba ke tsallakar da shi titi, amma ba ya kama hannunsa, Baban ne yake miƙa nasa ya ce Agogo ya tsallakar da shi.

"Ka ga," in ji Agogo ga Injiniya. "Ko titi."

Yaya ta sunkuyar da kai tana murza hannun jakarta. Rigunan da ta kawo masa ranar da ta fara zuwa guda uku ne, duk da takardunsu a wuya. Ta ɗago.

"Auta, saurare ni. Na gyara maka ɗaki a sama, da talabijin naka kai kaɗai. Akwai mai wanki, akwai mai girki. Ko tsinke ba za ka ɗaga ba."

"To me zan yi?"

"Ba komai. Hutawa za ka yi."

"Har ƙarfe nawa?"

Yaya ta juya ta dubi Malama.

Malama ta ajiye fayil a cinya. "Ni dai akwai tambayar da na ga ba wanda ya yi. Malam Agogo, kai a ina kake so ka zauna?"

Ya ji daɗin "Malam" ɗin, sai da ya gyara wuyan riga. "Nan. Ina da aiki biyu, burodi da Baba. Kuma Injiniya ba ya cin abinci sai na zauna kusa da shi. In na tafi, kwana uku ba za su kai ba."

"Kwana biyu," in ji Injiniya. Maganarsa ke nan ta farko a ranar, kuma ita ce ta ƙarshe.

Malama ta daɗe tana kallon takardar. Layin mai kula ɗaya ne, gajere. Ta matse rubutu ta cusa suna biyu a ciki. Sannan ta ce gidan ya dace, amma gaskiya Baba ya manyanta, don haka ofis zai riƙa turo ma'aikaciya sau biyu a mako ta duba magani da kicin, kuma za a sake zama bayan wata shida.

"Madalla," in ji Agogo. "Dama aikin ya yi min yawa. Ki ce mata ta zo a kan lokaci, zan koya mata."

Yaya ta miƙe ta ɗauki jakarta. Baba ya raka ta har mota. Ta buɗe ƙofa ta tsaya, idonta ya cika.

"Baba, ni ba mugunta nake nufi ba. Ba na nan lokacin da Umma take jinya. Na ce ko wannan in yi."

"Na sani, 'yata. Gidan nan ba a kulle yake ba. Asabar Agogo ba ya zuwa aiki."

Ta zo ranar Asabar da almakashi a jaka, ta zauna a falo ta yanke takardun rigunan nan uku ɗaya bayan ɗaya. Agogo ya kawo mata ruwa, ya tsaya a kanta yana kallonta sama da ƙasa.

"Yaya, kin rame. Kin ci abinci kuwa?"

'Ya'ya huɗu ta haifa ta raina, ga miji ga baƙi, kuma ta kasa tuna ranar da wani ya yi mata wannan tambayar. Ta ci kafin ta fito, har ta ƙoshi.

"Ban ci ba," in ji ta.

Ya girgiza kai, ya nufi kicin yana mita.