Maman Kingsley Mai Miyar Dangwale

Kafin masu adaidaita su cika titin Kurudu, Magdalena, wadda kowa ke kira Maman Kingsley, ta riga ta gama jajjagen tattasai. Shekara ashirin da biyu ke nan tana bin masu girkin biki. Ba ita ke dafa shinkafa ba, ba ita ke soya kaji ba. Nata aikin shi ne ɗan abin nan da ake ajiyewa a gefen tire don a dangwala masa ko awara ko soyayyar doya: yajin ƙuli, miyar taushe, jajjagen attaruhu.

Idan an kwaso kwanuka, sauran mata suna miƙe ƙafa, ita kuwa tana leƙen wanda ya dawo cike. A nan ta gano ba daɗi miyar ta rasa ba, baƙo ne ba ya son ya zama na farkon taɓa kwano. Tun daga nan ba ta ƙara kai miya a shafe sumul ba. Sai ta ja cokali ta yi mata kwari a tsakiya, ta tsiyaya mai ya kwanta, ta barbaɗa lawashi, ta soka yankan doya ɗaya a gefe, kamar wani ya riga ya fara.

Mutanen unguwa har yau suna ba da labarin daminar bara. Shanun Baffa Yero sun shiga masarar maƙwabcinta Jacob. Dattawa suka sasanta, aka ce a rufe maganar da cin abinci a gidan Jacob. Aka kawo masa da miyar taushe. Yero da mutanensa suka sunkuyar da kai, don a wurinsu cin abinci gaban jama'a abin kunya ne. Dangin Jacob kuwa suka fara haɗa ido: wato ƙyamar abincinmu suke yi? Kowa ya san idan suka tashi ba su ci ba, sulhun ya tashi tare da su.

Sai ga Maman Kingsley da ɗan ƙoƙo a hannu, man shanu na narkewa a kan miya.

"Baffa, ƙara na kawo. Wannan man a hannun Azumi matarka na saya da safe. Ni dai ina jin ta haɗa shi da man gyaɗa."

Yero ya ɗago a fusace. "Azumi? Man gyaɗa? Haba, Maman Kingsley!"

"To ni ina na sani, oga? Kai ne mai shanu."

Ya gutsuri masa, ya dangwala, ya tauna a hankali. "Wallahi zalla ne. Har saniyar na sani."

"Anya? Ƙara dai, ka ji ta ƙasan."

Ya ƙara. Ƙanensa ma ya miƙo hannu don ya ba da shaida. Jacob ya fashe da dariya, ya jawo tabarmarsa kusa. Kafin la'asar sai da aka sake ɗora kaskon masa.

Ke ce, Mama, kika san kunya ma baƙuwa ce, tana bukatar a yi mata hanya. Ke ce ba a taɓa kiran sunanki a lasifika ba, amma kwanonki ne ke dawowa a suɗe.

A ƙarshen watan nan za ki koma gida Kagoro, gwiwoyi sun ce a huta. Mun gode, Mama. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ki ci na hannun jikoki. Mu kuma da muka rage, in mun yi baƙi, kada mu dire kwano mu juya baya. Mu tsaya mu duba wa ya kasa miƙa hannu.

Ranar Lahadi Azumi ta kawo mata ƙwaryar man shanu ta sallama. Ta ce Baffa ya ce a faɗa mata a kunne: wannan ma babu man gyaɗa.