Zangon da Muka Ɗinke Sunayen Ɗalibai

Ni mutum ne mai saurin fushi. Matata ta sani, ɗalibaina sun sani, babur ɗina ma ya sani, don ya sha shuri a hanyar Ƙaraye zuwa Rogo duk ranar da ya mace mini da sassafe. A Unguwar Hajji ta Ƙaraye nake zaune, amma a wata sakandaren maza ta wajen Rogo na yi shekarun koyarwar da suka fi mini daɗi. Lissafi nake koyarwa, kuma ni ne jami'in jarrabawa, wato duk takardar da ɗalibi ya rubuta sai ta biyo ta hannuna kafin ta isa ga malamin da zai duba ta.

A aji biyar akwai wani yaro dogo, siriri, mai sanyin murya. In yana magana hannuwansa na taya shi, in yana tafiya kamar yana tausayin ƙasa. 'Yan ajinsu ba sa kiran sunansa, ɗan daudu suke ce masa, wasu su ƙara da cewa ai maza yake so ba mata ba. Wata rana suka cusa masa ɗankwali a jaka, ya buɗe zai ɗauko littafi ya faɗo, aji ya kece da dariya. A kan idona aka yi. Na kwashi mutum shida na kai su gonar gyaɗar makaranta suka yi ta cirar ciyawa har aka tashi. Daga nan suka daina, a gabana dai.

Amma ba yaran ne suka fi ci mini rai ba. Dokar makarantarmu ita ce duk wanda ya faɗi Turanci ko Lissafi sai ya maimaita aji, kuma yaron nan ya riga ya maimaita aji biyar sau ɗaya saboda Turanci. Mahaifinsa ya zo da kansa ya gaya mini cewa in aka sake, to boko ya ƙare, ya bi shi gona. Ni kuwa ina ganin makinsa na sauran darussa, duk yana sama. Turanci kaɗai ne kullum talatin da biyar, ba ya hawa ba ya sauka.

Na kira shi ofis na ce ya kawo mini tsofaffin takardunsa. Fes suke. Babu gyara ko ɗaya, babu ko ɗigon jan biro a ciki, sai lambar nan a sama an kewaye ta. Ina juya su sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, abin da suke faɗa a kaina, ba duka ne ƙarya ba."

A garin nan na tashi kamar kowa, na san nauyin maganar. Sai na sake duban takardar da ke hannuna, na ga babu tambaya ko ɗaya a cikinta da ta nemi sanin wannan.

Na ce, "Na tambaye ka? Ni amanar makinka aka ba ni. Tashi ka je aji, kuma kada ka gaya wa kowa wannan magana a makarantar nan."

Malamin Turancin dattijo ne, ɗan gayu, kaftaninsa kullum a goge, tabarau a kan karan hanci. Ba mugu ba ne a wurinmu, shi ke sayo wa ɗakin malamai ƙosai ranar kasuwa. Amma na koma gida ranar nan da niyyar gobe sai na wanke shi tas a gaban kowa. Matata tela ce, tana kan keke tana haɗa rigunan 'yan Islamiyya, ta bar ni na gama kumfar bakina.

Ta ce, "Malam, in ka yi faɗa zai ce ka ci mutuncinsa, a koma sasanta ku, a manta da yaron. Ba sunan yake gani ya ba da makin ba?"

Na ce haka ne.

"To kawo mini in ɗinke sunan."

Na ɗauka wasa take, sai ta yagi takarda daga littafin awonta, ta ninka samanta sau biyu, ta bi da keke. Ko ka ɗaga ta a rana ba ka ganin abin da ke ciki.

Shugaban makarantarmu mutum ne mai son a ce ya kawo sabon tsari. Ban ambaci yaron ba, cewa na yi iyaye na ƙorafin son kai, ga maganinsa. Nan take ya amince, kafin azahar ma ya fara ba da labari kamar shi ya ƙirƙiro. Na ce a fara da Turanci da Lissafi na aji biyar, don kada wani ya ce shi na nufa.

Da aka gama jarrabawar ƙarshen shekara na zuba takardun a buhu, na ɗaure a bayan babur sai Ƙaraye. Bayan la'asar muka zauna a tsakar gida, ina ninkewa tana ɗinkewa. Farin zare ya ƙare, ta ɗauko wani ruwan hoda da ya rage daga kayan amarya. Allura biyu muka karya, ta ce ɗalibaina sun cika surutu a takarda kamar malaminsu. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta tambaya ko yanzu boko ma kalmasa ake yi masa.

Malamin Turanci ya karɓi nasa yana yatsina, ya ce shekararsa talatin yana koyarwa bai taɓa ganin takarda da ado ba. Kwana biyu bayan haka muna ɗakin malamai sai ya buga tebur.

"Ku saurara ku ji Turanci, jama'a."

Ya miƙe tsaye ya karanta mana wani insha'i a kan ranar cirar gyaɗa: yadda uwa ke gane gonar da ta yi kyau daga ƙanshin ƙasa, yadda yara ke ɓoye ɗanyar gyaɗa a hula. Har da lumshe ido. Ya ce wannan ba kowa ba ne sai shugaban ɗalibai, yaronsa, hannunsa ne ya gina shi. Ya ba da tamanin da biyu, ya sa hannu da wannan doguwar lanƙwasar tasa. Ni dai na cika bakina da ƙosai don kada a ga fuskata, ko da yake ni ma ban tabbata ba tukuna.

Ranar farke ɗinki duk malamai suka taru, shugaba na zaune a tsakiya. Da reza nake yanke zaren in kira suna, a shigar da maki. Kunyar farko tawa ce: wani yaro da nake ji da shi a Lissafi ya sauko da maki goma sha wani abu, ashe ni ma sunansa nake tausaya wa. Aka yi mini dariya, na shanye. Sai muka zo kan mai tamanin da biyu. Na yanke zaren, na buɗe ninkin, na kira sunan yaron nan.

Dattijon ya ce a miƙo masa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya zaro jan bironsa. Na riga na dafa tebur, na shirya abin da zan faɗa. Ya daɗe yana kallon shafin farko, sannan ya ce a hankali, "Ashe haka rubutunsa yake."

Shekara biyu yaron na gabansa. Ya mayar da biron aljihu ya ce a shigar masa yadda yake.

Ban san yadda na iso Ƙaraye ba ranar nan. Dariya nake ni kaɗai a kan babur, masu acaɓa na waiwayena. Na tsaya na sayi tsire na kai wa mai keke, ta ce allurarta biyu fa, ba ta manta ba.

Tsokana ba ta ƙare ƙaf ba, kuma ban ce na canza zuciyar kowa ba. Amma yaron ya shiga aji shida, mahaifinsa ya aiko mini da kwanon gyaɗa, ɗinkin suna kuma ya zauna a makarantar har na bar ta.

Ranar da aka raba takardu yaron ya same ni a gindin darbejiya ina fama da babur. Na zaci makin zai nuna mini, sai na ga ya wuce shafin farko ko kallo bai yi ba. Ya buɗe na ƙarshe, inda dattijon ya ja layi ƙarƙashin wata kalma ya rubuta daidanta a gefe. Duk takardar ta yi ja da gyare-gyare, shi kuwa bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ya ce, "Malam, duba, har nan ma ya gyara mini. Ya karanta duka."